Gwano da Warin Jikinsa: Sharhi kan Sanin Kai da Kamun Kai

Abubuwa biyu ne malaman addini da masana tarbiyya da masu nazarin halayyar ɗan Adam suka daɗe suna ambaton su tare, duk da cewa kowannensu yana da tasa fuska, wato sanin kai da kamun kai. Sanin kai shi ne mutum ya fahimci abin da yake motsa shi a haƙiƙa, ya san inda ƙarfinsa ya tsaya da inda rauninsa ya soma, ya kuma iya rarrabe dalilin da ya sa ya aikata abu da dalilin da yake gaya wa mutane, ko yake gaya wa zuciyarsa, bayan ya riga ya aikata. Kamun kai kuwa, wanda wasu suke kira mallakar kai, shi ne ikon tsayar da zuciya sa'ad da take fizgar mutum zuwa ga abin da hankalinsa ya riga ya yanke cewa ba alheri ba ne, da ikon tura ta ga aikin da take yi wa ƙyuya. Dalilin haɗa su a fili yake, domin wanda bai san ta inda ɓarawo yake shigo masa gida ba, ba zai san katangar da zai ɗaga ba, wanda kuma ya san kafar amma ya kasa toshe ta, saninsa bai ƙara masa komai ba sai nadama. Abin da ya fi buƙatar bayani shi ne me ya sa wannan aiki ba ya ƙarewa, har ake samun dattijo mai furfura da ilimi yana fama da shi kamar yadda saurayi yake fama, sai dai kowa da irin nasa.

Wahalar farko ita ce, a sha'anin sanin kai mai dubawa da abin da ake dubawa abu ɗaya ne, alƙali da wanda ake tuhuma mutum guda ne, kuma ba a taɓa jin shari'ar da aka yi haka ta fito da gaskiya cikin sauƙi ba. Bahaushe ya gane wannan tun tuni, shi ya sa ya ce gwano ba ya jin warin jikinsa, ya kuma ce laifi tudu ne, mutum yakan taka nasa ya hango na wani. Binciken zamani ya nuna cewa lamarin ya wuce ɓoye laifi da gangan, ya kai ga cewa mutum yakan ba da dalilin da ba shi ne ba alhali ya yarda da shi har zuciyarsa. A 1977 wasu masana biyu na Jami'ar Michigan a Amurka, Richard Nisbett da Timothy Wilson, sun ba da rahoton wani gwaji da aka jera wa masu sayayya safa ƙafa huɗu, iri ɗaya sak, aka ce su zaɓi wadda ta fi kyau. Wadda take can ƙarshen dama ita aka fi ɗauka da tazara mai yawa, amma da aka tambayi masu zaɓin dalili sai suka riƙa ambaton laushi da kyan saƙa, da aka kuma tambaye su ko wurin da aka ajiye safar ya yi tasiri sai kusan dukansu suka musanta. Ba ƙarya suka yi ba, domin maƙaryaci ya san gaskiyar da yake ɓoyewa, su kuwa zuciya ce ta ƙera musu bayani nan take suka karɓa. Idan haka take faruwa a kan safa, wadda babu mutuncin kowa a cikinta, to abin da zai faru sa'ad da mutum yake neman dalilin ƙiyayyarsa ga abokin sana'arsa, ko dalilin kyautar da ya yi a gaban jama'a, ya fi haka nesa ba kusa ba.

Imamu Gazali, wanda ya rayu daga 1058 zuwa 1111, kuma littafinsa Ihya'u Ulumid Din yake cikin manyan littattafan da ake karantawa a zaurukan malaman ƙasar Hausa, ya kawo hanyoyi huɗu da mutum zai bi ya gano aibobinsa. Ta farko ita ce zama gaban malami mai basira wanda ya san cututtukan zuciya, ta biyu neman aboki mai gaskiya da addini a ɗora masa aikin sa ido da faɗar abin da ya gani, ta uku sauraron abin da maƙiya suke faɗa, domin idon mai ƙiyayya yana tono abin da idon mai ƙauna yake rufewa, ta huɗu kuma cuɗanya da mutane, ta yadda duk abin ƙi da mutum ya gani a wurin wani zai tuhumi kansa da irinsa. Abin lura a nan, wanda sau da yawa ake wucewa ba a tsaya a kansa ba, shi ne babu ko ɗaya cikin huɗun da ta ce mutum ya kulle ɗaki ya leƙa cikin zuciyarsa shi kaɗai. Dukansu madubai ne da suke hannun wasu, kuma wannan ya bayyana dalilin da ya sa sanin kai yake ƙara wuya gwargwadon yadda mutum yake ƙara ɗaukaka. Yaro yana da masu tsawata masa ko'ina, daga iyaye zuwa malamin allo zuwa dattawan unguwa, amma attajiri ko basarake ko shehin malami yakan wayi gari ya tarar duk wanda yake kewaye da shi yana da buƙata a wurinsa, abokin gaskiya ya ja baya don gudun ɓacin rai, 'yan amshin Shata sun cika zaure, maganar maƙiyi kuma an riga an sa mata sunan hassada tun kafin a saurare ta. Mutumin da ya fi kowa buƙatar madubi, saboda kuskurensa yana shafar jama'a masu yawa, shi ne wanda aka fi raba shi da madubi.

Wannan ba ya nufin duban ciki ba shi da amfani, sai dai yana buƙatar tsari da lokaci, kamar yadda ciniki yake buƙatar littafin lissafi. Harisu Almuhasibi, malamin da ya rasu a Bagadaza a 857, ya samu laƙabinsa ne daga muhasaba, wato yi wa kai hisabi, saboda yawan tsananta wa kansa da bincike, kuma ya yi dogon bayani kan riya, wato yin aikin ƙwarai don idon mutane, da yadda take shiga aiki ta ɓarauniyar hanya. Gazali ya ɗauki wannan gado ya shimfiɗa shi da misalin ɗan kasuwa da abokin cinikinsa: da safe a gindaya wa rai sharuɗɗa, da rana a sa masa ido, da dare a zauna a yi lissafin riba da faɗuwa, inda aka samu giɓi a hukunta shi, a matsa masa da aiki, a kuma yi masa faɗa. Duk wanda ya san yadda maigida a Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi yake zama da yaron shagonsa da yamma ana ƙirga kaya da kuɗi zai gane hikimar misalin, domin yaron da aka bari wata shida ba a yi lissafi da shi ba, ko da amintacce ne, shi kansa ba zai iya faɗar inda kuɗi suka shiga ba. Amfanin hisabin kullum shi ne yana kama abu tun yana ɗanye, kafin zuciya ta samu sararin ƙera masa labari mai daɗin ji.

To amma sani kaɗai ba ya wadatarwa, kuma a nan ne tsohuwar muhawara take. Sokratis na Girka ya tafi a kan cewa babu mai aikata mugun abu yana sane da cewa mugu ne, saboda haka duk ɓarna jahilci ce, maganinta kuma ilimi. Aristotil ya ga cewa wannan ya saɓa wa abin da kowa yake gani da idonsa, ya keɓe babi a littafinsa na ɗabi'u ga halin mutumin da ya san daidai, ya yi niyyar daidai, amma sha'awa ko fushi suka rinjaye shi a lokacin aiki. Likitan da yake shan taba, da mai ciwon suga da yake shan shayi da madara da sukari, da magidancin da ya san cewa kalmar da zai furta cikin fushi za ta iya rushe aurensa amma ya furta ta, duk shaidu ne ga Aristotil. Malaman Musulunci sun bayyana wannan ja-in-ja da sunaye uku da suka ciro daga Alƙur'ani: nafsul ammara, wato rai mai yawan umarni da mummuna, a Suratu Yusuf, nafsul lawwama, rai mai zargin kansa, a Suratul Ƙiyama, da nafsul muɗma'inna, rai mai natsuwa, a Suratul Fajri. Ana yawan karanta su kamar matakala uku da ake hawa a wuce, amma abin da rayuwa take nunawa shi ne mafi yawan mutanen kirki suna ƙare kwanakinsu ne a tsakiya, suna faɗuwa suna zargin kai suna tashi, kuma zargin kan nan alama ce ta cewa zuciya tana da rai.

Akwai karin maganar da take cewa hali zanen dutse, wadda idan aka ɗauke ta a kan zahirinta sai ta rufe ƙofar gyara gaba ɗaya, ta kuma zama mafaka ga mai saurin fushi da marowaci, kowa ya ce haka Allah ya yi shi. Gazali ya yi raddi ga masu irin wannan ra'ayi da cewa da ɗabi'a ba ta sauyawa da wa'azi da horo duk sun zama aikin banza, alhali ana horar da doki da shaho da karen farauta har su bar halinsu na daji. Sai dai bai ce ana tumɓuke sha'awa da fushi ba, domin da babu sha'awar abinci da mutum ya halaka, da babu fushi da bai kare kansa da iyalinsa ba. Abin nema shi ne a mayar da su ƙarƙashin linzamin hankali, kamar mahayi da dokinsa. Ya ba da misali da ƙwallon dabino, wanda ba zai taɓa zama tuffa ba ko da wane irin reno aka yi masa, amma kuma ba zai zama bishiyar dabino ba sai an shuka shi an yi masa ban ruwa. Da wannan za a iya sasanta karin maganar da tarbiyya: zanen yana nan a kan dutse, mai zafin rai zai mutu da zafin ransa, amma abin da yake yi da hannunsa da harshensa a lokacin da zafin ya taso abu ne da ake koya. Wani dogon bincike da aka yi a garin Dunedin na ƙasar New Zealand, inda aka bi rayuwar yara fiye da 1,000 da aka haifa a 1972 da 1973, ya nuna a rahoton 2011 cewa waɗanda suka fi kamun kai tun suna ƙanana sun fi lafiya da tattalin dukiya da nisantar laifi a shekara 32, ko da an cire tasirin basira da arzikin iyaye, ya kuma nuna cewa yaran da kamun kansu ya ƙaru yayin da suke girma sun samu sakamako mafi kyau fiye da yadda farkonsu ya nuna.

Gwajin da ya fi shahara a wannan fanni shi ne na Walter Mischel a Jami'ar Stanford, daga ƙarshen shekarun 1960, inda ake ajiye wa yaro alewa guda a ce masa idan ya jira har a dawo za a ƙara masa ta biyu. An daɗe ana yayata cewa minti nawa yaro ya jira yana nuna makomarsa, amma da Tyler Watts da abokan aikinsa suka sake duba batun a 2018 da yara fiye da 900 daga gidaje mabambanta, sai alaƙar ta ragu ƙwarai da zarar an yi la'akari da halin gidan da yaron ya fito. Kafin haka, Celeste Kidd, lokacin tana Jami'ar Rochester, ta nuna cewa yaran da aka fara cika musu wani ƙaramin alkawari sun jira kusan ninki huɗu na yaran da aka fara saɓa musu. Wannan yana da muhimmanci ga duk mai saurin yanke hukunci a kan talaka, domin wanda rayuwa ta koya masa cewa abin da bai ci yau ba gobe ba zai same shi ba, cin da ya yi yau hankali ne a wurinsa, kuma zalunci ne a kira shi marar haƙuri ba tare da an dubi alkawuran da aka saɓa masa ba. A ɗaya ɓangaren kuma, da Bettina Lamm ta yi irin wannan gwaji da 'ya'yan manoman ƙabilar Nso a ƙasar Kamaru da 'ya'yan Jamusawa masu matsakaicin hali, kusan kashi 70 cikin 100 na yaran Nso sun jira har ƙarshe, yaran Jamus kuwa ba su kai kashi 30 ba, abin da ya nuna cewa irin renon da al'umma take yi wa 'ya'yanta yana da nasa ƙarfi wanda bai dogara da dukiya ba.

Darasin da Mischel kansa ya fi jaddadawa shi ne yaran da suka yi nasara ba su zauna suna kallon alewar suna cije leɓe ba, sun kau da kai ne, wasu suka rufe ido, wasu suka shiga waƙa ko wasa. Haka ma wani bincike da Wilhelm Hofmann ya jagoranta a Jamus, aka buga a 2012, ya gano cewa mutanen da aka sani da kamun kai ba su fi kowa yawan kokawa da zuciya ba, sun fi kowa ƙarancin shiga inda za a yi kokawar. A nan ne sanin kai da kamun kai suke haɗuwa a aikace: wanda ya san cewa kuɗi ba sa kwana a aljihunsa sai ya shiga adashe, inda kunyar sauran masu zubi za ta tilasta masa, ko ya sayi asusun ƙasa wanda ba a buɗe shi sai an fasa, wanda ya san majalisar da take jan sa ga gulma sai ya sauya hanyar komawa gida. Umarnin da ya zo a hadisi cewa mai fushi ya zauna idan yana tsaye, ko ya yi alwala, ko ya yi shiru, na wannan babi ne, domin duka dabaru ne na sanya tazara tsakanin tasowar zuciya da motsin hannu. Wanda ya dogara da ƙarfin zuciyarsa kaɗai, yana kai kansa bakin rijiya kullum don ya gwada ƙafarsa, bai san kansa ba tukuna.

Tarbiyyar Hausawa ta gina kamun kai a kan ginshiƙai sanannu, kuma Anthony Kirk-Greene, a laccarsa da aka buga a 1974 kan ma'anar mutumin kirki, ya lissafa haƙuri da hankali da kunya da ladabi a cikin siffofin da Bahaushe yake auna mutum da su. Fulani ma suna da makamancin haka a cikin pulaaku, har shaɗi ya zama fagen da saurayi yake nuna cewa zafin bulala ba zai sauya masa fuska ba. Wannan gado ne mai daraja, shi ne yake sa matashi ya haɗiye magana a gaban babba, ya sa uwa ta yi kawaici a kan ɗan fari, ya sa baƙo ya janye hannu daga akushi bai ƙoshi ba. Amma yana da rauni biyu da ya kamata a faɗe su. Na farko shi ne kunya tana aiki ne da idon mutane, saboda haka ƙarfinta yakan ragu inda babu ido, kuma wayar hannu ta kawo wa kowa ɗakin da babu mai leƙawa, inda caca da batsa da zagin mutane da sunan aro suke nesa da mutum da taɓawar yatsa guda. Abin da malamai suke kira muraƙaba, wato jin cewa Allah yana gani a ko'ina, shi ne yake cike wannan giɓi, kuma yaron da aka rene shi da "me mutane za su ce" kaɗai an ba shi rabin guzuri ne. Rauni na biyu shi ne yadda ake karkatar da haƙuri ya zama abin rufe bakin wanda aka zalunta, a ce wa matar da ake duka ko leburan da aka hana haƙƙinsa su yi haƙuri, alhali wanda ya kamata ya kame kansa shi ne mai dukan da mai cin haƙƙin. Shirun da tsoro ya haifar daban yake da kamun kai, domin mai kamun kai yana da ikon magana da ikon shiru, yana zaɓar wanda ya dace, wani lokaci ma abin da zai danne shi ne tsoronsa don ya faɗi gaskiya.

Dalilin da ya sa aikin yake ɗaukar tsawon rai shi ne abokin gabar yana sauya riga da sauyawar shekaru. A ƙuruciya sha'awa da garaje ne suke gaba, kuma masana ƙwaƙwalwa sun nuna cewa sashen goshi, wanda yake kula da tsara abu da auna sakamako, ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25, abin da ya isa ya sa manya su haɗa tsawatarwa da uzuri. A tsakiyar rayuwa sai neman dukiya da gasa da tsara su karɓi fagen, suna fakewa da sunan ciyar da iyali. Idan jiki ya yi sanyi, sha'awa ta lafa, sai son girma da son a ji maganar mutum da jiji da kai su fito, waɗannan kuwa sun fi na farko haɗari domin ba sa kama da zunubi, sau da yawa ma da rigar addini ko ta hidimar jama'a suke zuwa. Nasara kanta jarrabawa ce sabuwa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, bayan 'yan shekaru kaɗan da fara jihadin 1804, ya ga yadda neman mulki da dukiya ya fara shiga zukatan waɗansu daga cikin mutanen da suka jure yunwa da hijira tare da shi, abin ya dame shi har ya bar rundunar wajen 1807 da niyyar tafiya Makka, sai da mutanen Kano suka tsayar da shi, ya zauna ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki bisa shari'a, sannan ya koma gida. Mutanen da tsanani bai karya su ba, sauƙi ya zo musu da wata jarrabawa da ba su yi mata shiri ba.

Rayuwar Gazali kanta ita ce misali mafi bayyana. An naɗa shi babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1091, yana da ɗalibai kusan 300, sarakuna suna neman fatawarsa, kuma a idon kowa yana kan aikin lada mafi girma. A littafinsa Almunƙizu minad Dalal ya ba da labarin cewa da ya binciki niyyarsa a karantarwar sai ya tarar neman matsayi da yaɗuwar suna ne yake tura shi, kuma ko bayan ya gano haka ya shafe kusan wata shida yana sa ƙafa yana janyewa, da safe ya ƙudura barin Bagadaza da yamma son duniya ya warware ƙudurin, har harshensa ya ƙulle ya kasa ba da darasi, abinci ya daina shiga, likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake. Ga mutumin da ya fi mutanen zamaninsa sanin cututtukan rai, sanin bai ba shi ikon tashi ba sai da jikinsa ya gaza. Ya fita a 1095, ya zauna a Dimashƙa da Baitul Muƙaddas, ya yi aikin Hajji, ya shafe kimanin shekara goma sha ɗaya a keɓe, a cikinsu ne ya rubuta Ihya. A 1106 ya koma karantarwa a Naisabur, ya kuma bayyana cewa a da yana yaɗa ilimin da ake samun matsayi da shi, yanzu kuwa yana kira ne ga ilimin da ake barin matsayi da shi, amma a wurin nan ɗin bai yi da'awar cewa ya isa ba, ya ce wannan ne nufinsa da burinsa, kuma bai sani ba ko zai kai gare shi ko ajali zai riske shi kafin ya kai. Yana da kimanin shekara 48 a lokacin da ya koma Naisabur, ya rasu a garinsu Ɗus bayan shekara biyar.